Arthur C. Clarke, marubucin da ake saita dish a kan layinsa

Ɗanlami Mai Dish:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawa rufin mutane ina ɗaura dish, kuma duk wanda ya yi wannan sana'a ya san cewa taurarin ɗan'adam da muke nema a jere suke kan layi ɗaya mai lanƙwasa, daga gabas zuwa yamma. In ka kama Nilesat, ka san inda za ka karkata ka samu Arabsat. Jiya ina duba wani littafin koyon saiti sai na ga sunan wannan layi wai Clarke Belt. Na ɗauka sunan wani injiniya ne ko shugaban kamfani. Da na bincika sai na tarar marubucin ƙagaggun labarai ne, Baturen Ingila, Arthur C. Clarke. Abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya mai rubuta labari zai samu a sa wa wani yanki na sama sunansa? Malamanmu na wannan zaure, a taimaka mana da bayani.

Malam Habu Zariya:
Wa alaikumus salam Ɗanlami. Ka taɓo mutumin da nake karantawa tun ina ajin ƙarshe na sakandare, don haka a yi mini haƙuri in na tsawaita.

An haife shi ranar 16 ga Disamba 1917 a Minehead, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Somerset. Ɗan manomi ne, shi ne babba a cikin 'ya'ya huɗu, kuma mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, uwar ce ta riƙe gonar. Tun yana yaro yake harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa yana zana taswirar wata, ɗan kuɗin da ya samu kuma ya sayi tsofaffin mujallun Amurka na labaran kimiyya. Da ya gama makaranta babu kuɗin jami'a, sai ya tafi Landan a 1936 ya kama aikin gwamnati na binciken kuɗi. Yaƙin duniya na biyu ne ya kai shi rundunar sojin sama a 1941, aka sa shi aikin radar, musamman na'urar da ake yi wa matuƙi jagora da ita daga ƙasa har ya sauka lafiya cikin hazo.

To a watan Oktoba na 1945, yana sanye da kakin soja, ya fitar da wata 'yar maƙala mai shafi huɗu a mujallar Wireless World. Lissafin da ke ciki shi ne amsar tambayarka. Duk abin da ke kewaya duniya, gwargwadon nisansa gwargwadon tsawon lokacin da yake ɗauka ya zagayo. Na kusa, kamar tashar da 'yan sama jannati suke zaune a yanzu, minti casa'in ya ishe shi. Wata kuwa sai ya yi kwana 27 da ɗoriya. Ke nan a tsakani akwai wani nisa da zagaye ɗaya zai yi daidai da juyawar duniya sau ɗaya. Wannan nisa shi ne kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu. Abin da aka ajiye a can gudu yake yi, wajen kilomita uku a daƙiƙa, amma tun da tare yake juyawa da mu, sai mu gan shi kamar an kafe shi da ƙusa. Clarke ya ce a ajiye tashoshi uku a wannan da'ira, a raba su daidai, za su ɗauki rediyo da talabijin su watsa wa kusan duk duniya. Ka lura, wannan shekara 12 ke nan kafin Rasha ta harba Sputnik a 1957. A lokacin babu wani abu na ɗan'adam da ya taɓa kewaya duniya ko sau ɗaya.

Shi ya sa in ka ɗaure dish ka matse noti, shekara biyar ba sai an taɓa ba, sai dai in iska ta kaɗa shi.

Ɗanlami Mai Dish:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Wallahi yanzu na gane dalilin da ya sa a nan Kano wasu dish ɗin kusan kallon sama suke yi tsaye, alhali a hotunan Turai sai ka ga sun kwanta kamar suna kallon bango. Mu muna kusa da layin ne.

Malam Habu Zariya:
Ka kama shi daidai.

Zainab Ɗaliba:
Malam, ni kuwa abin da na karanta shi ne ba Clarke ne ya fara wannan tunani ba. Akwai wani sojan injiniya ɗan asalin Sulobeniya, Herman Potočnik, da ya rubuta batun tashar da za ta tsaya cak a sama tun ƙarshen shekarun 1920, kuma Tsiolkovsky na Rasha ya riga su duka lissafin kewayen duniya. Ba ƙwace ba ne a sa sunan Bature ɗan Ingila a bar su?

Malam Habu Zariya:
Zainab, gyaranki yana kan hanya, kuma na ji daɗi da kika kawo shi. Da'irar an san da ita kafin Clarke. Abin da ya ƙara shi ne ya ce ga amfanin da za a yi da ita, ya zauna ya lissafa ƙarfin wutar da ake buƙata, irin zangon rediyon da zai ratsa, tashoshi nawa, a ina. Kuma shi kansa bai taɓa yarda a kira shi uban tauraron sadarwa ba, yakan miƙa wannan girma ga injiniyoyin da suka ƙera abin da hannunsu, John Pierce da Harold Rosen. Akwai ma inda ya kuskure ƙwarai. Ya ɗauka dole a zuba mutane su zauna a tashoshin, saboda rediyon wancan zamani da ƙwayayen gilashi yake aiki, masu ƙonewa kullum, sai da mai canzawa. Shekara biyu bayan maƙalarsa aka ƙirƙiro taransisto, 'yar ƙaramar na'urar da ta maye gurbin ƙwayayen gilashin, ya zamana akwati ƙarami zai yi aikin shekaru babu mai taɓa shi. Bai yi rajistar mallakar tunanin ba, domin bai zaci zai ga abin da idonsa ba. Ya gani kuwa, tun bai cika shekara 46 ba.

Baba Injiniya:
Salamu alaikum yara. Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma wannan fagena ne, don a aikin wayar tarho na yi ritaya.

Akwai abin da ya kamata kowane ɗan Najeriya ya sani a wannan labari, kuma ban ga an koyar da shi a makaranta ba. Tauraro na farko da ya yi aiki a wannan nisa da Habu ya faɗa shi ne Syncom 2, wanda Amurka ta harba a watan Yuli na 1963. To tashar ƙasa da ta yi magana da shi daga wannan ɓangare na teku wani jirgin ruwa ne mai suna Kingsport, kuma a tashar jiragen ruwa ta Legas yake tsaye. Ranar 23 ga Agusta 1963 Shugaba Kennedy ya ɗaga waya a Washington, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya amsa a Legas, muryarsu ta hau sama ta sauko. Wannan shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi hira kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Wato abin da Clarke ya zana a takarda a 1945, ɗaya daga cikin muryoyin farko da suka bi ta cikinsa muryar mutumin Bauchi ce.

Syncom 2 ɗin bai tsaya cak ba, yana ɗan lilo arewa da kudu domin da'irarsa a karkace take. Syncom 3 na 1964 ne ya zauna daram, shi ya kai wa Amurkawa hotunan wasannin Olamfik na Tokyo. Ku ƙara da cewa a Kano ma an yi tashar bibiyar kumbon Amurka a farkon shekarun 1960, lokacin shirin Mercury, 'yan sama jannati suna wucewa ta samanmu ana magana da su daga nan.

Masu shekaru irin nawa za su tuna kiran Saudiyya lokacin aikin Hajji. Ka ce “Alhaji kana ji na?” sai shiru, kai ka sake magana, shi ma ya fara, ku yi karo. Mutane suna cewa layi ne ba kyau. Tafiya ce. Hawa da sauka kilomita dubu saba'in da 'yan kai, ko da gudun haske sai an ci kusan rubu'in daƙiƙa, amsarsa ma ta ci wani rubu'in.

Zainab Ɗaliba:
Baba, wallahi tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin wannan ba.

Anti Bilki Marubuciya:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma ni ina so a dawo kan littattafan, domin tun ɗazu lissafi ake yi, alhali mutumin marubuci ne. Kuma a nan nake da ja.

Na karanta guda huɗu nasa. Gaskiyar da zan faɗa ita ce, Clarke bai iya gina mutum ba. Ka gama Rendezvous with Rama, wanda ya fito a 1973 ya kwashe manyan kyaututtukan fannin, za ka iya zana mini jirgin nan da ya shigo daga wata duniya da ido rufe: ganga mai tsawon kilomita hamsin, da teku a ciki wanda ya naɗe kamar ɗamara, da matakala masu dubban tsani. Amma in na tambaye ka kwamandan da ya shiga ciki me yake tsoro, me ke sa shi kuka, ba ka da amsa. Mata kuwa, a yawancin littattafansa na farko, matar wane ce ko sakatariya. Ni a wurina labari mutane ne. In babu zuciyar da zan bi, rahoto nake karantawa.

Malam Habu Zariya:
Anti, ba zan musa miki batun mata ba, haka yake. Amma a kan ɗaya batun ina ganin kin auna shi da mudun da ba nasa ba. A Rama, jirgin shi ne jarumin. Abu ya shigo daga wata duniya, mutane sun yi ta rawar jiki, wasu har sun harba masa makami, shi kuwa ya sha hasken rana ya wuce abinsa, bai ma san da su ba. Ni wannan ya girgiza ni fiye da labaran soyayya da yawa, domin ya nuna mini ƙanƙantarmu.

Anti Bilki Marubuciya:
To ai ka faɗa da bakinka Malam. Abin da yake sayarwa mamaki ne. Na yarda ya iya shi, babu na biyunsa a nan. Sai dai mamaki sau ɗaya ake yin sa. Littafin da nake komawa in sake karantawa shi ne wanda na bar wani a ciki da nake kewa.

Guda ɗaya ne na cire, Childhood's End na 1953. Wannan ya sa ni hawaye, ba zan ɓoye ba. Iyaye suna kallon 'ya'yansu suna zama wani abu da ba su gane ba, yaron yana gabanka amma ya riga ya tafi, kuma babu laifin kowa. Duk uwar da ta tura ɗa karatu nesa ya dawo da wani harshe da wata ɗabi'a ta san ɗan ɓurɓushin wannan ciwo.

Mahamadu Damagaram:
Sallama gare ku duka. Ni da Faransanci na karanta wannan littafi lokacin ina lise, wato sakandare, kuma abin da na gani a ciki daban ne da na Anti.

Ku duba tsarin. Manyan jirage na wasu baƙi daga wata duniya sun zo sun tsaya a kan biranen duniya. Baƙin ba su kashe kowa ba, ba su sauke gwamnatoci ba. Shugabansu, Karellen, mutum ɗaya kawai yake ganawa da shi, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma ta bayan gilashi, ba ya ganin fuskarsa. Shi ne zai fito ya isar wa jama'a umarni. Sun hana yaƙi, sun kawo ƙoshi da lafiya, sun ce don amfaninku muke yi, ba ku isa ku riƙe kanku ba tukuna. Ku mutanen Najeriya, wannan ba Razdan da Sarki ba ne? Ba mulkin Lugga ba ne aka ɗauka aka kai sama? Baturen Ingila ne ya rubuta shi shekara shida bayan sun bar Indiya, kuma a cikin littafin ma an kwatanta baƙin da Ingilishi a Indiya. Abin da ya dame ni shi ne littafin yana tausaya wa mai mulkin. Yana nuna shi mai haƙuri ne, mai ɗauke da nauyi.

Malam Habu Zariya:
Mahamadu, wannan karatu ne mai nauyi, kuma ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma ka tuna abin da mulkin ya haifar a littafin. Da aka samu zaman lafiya da ƙoshi, sai fasaha ta mutu, babu sabuwar waƙa mai rai, babu binciken kimiyya, domin kowa ya san baƙin sun riga sun sani. Har wasu suka ware suka kafa tsibiri don su ceto abin da ya rage na ɗan'adam. Marubucin da ke yabon mulkin mallaka zalla ba zai rubuta wannan ba. Sannan mutumin ƙarshe da ya rage a doron ƙasa, wanda ya tsaya yana ba da rahoton ƙarewarta, Jan Rodricks, baƙar fata ne. A 1953 wannan ba ƙaramin abu ba ne a irin waɗannan littattafai.

Mahamadu Damagaram:
Na yarda da rabin maganarka Malam. Ya ga illar, amma bai ga wata hanya ba. A littafin duk wanda ya yi tawaye ko dai mai taurin kai ne ko wanda bai fahimta ba. Mu da aka mulka mun san masu tawayen nan su ne kakanninmu.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun farko, kuma akwai abin da kowa ke kewayewa. Mutumin nan bai yi imani da Allah ba. Ya faɗa da bakinsa, har ya bar wasiyya cewa kada a yi wani abu na addini, kowane iri, a jana'izarsa. Kuma abin ya shiga rubutunsa. Baƙin nan da kuke magana, da suka bayyana bayan shekara hamsin, da wace siffa suka fito? Ƙaho, fukafukai, wutsiya, siffar da Turawa suke zana Shaiɗan da ita, kuma su ne masu alheri a labarin. Akwai wani gajeren labarinsa na 1953 inda wasu 'yan addinin Buddha a Tibet suka yi hayar kwamfuta ta rubuto musu sunayen Ubangiji biliyan tara, da ta gama sai taurari suka fara mutuwa. Akwai The Star na 1955, inda wani limamin Kirista masanin taurari ya gano cewa tauraron da aka ce ya haska a haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, fashewar wata rana ce da ta ƙone wata al'umma baki ɗaya, imaninsa ya girgiza. Zauren nan akwai yara 'yan sakandare. Ina ganin wajibi ne a faɗa musu wannan kafin a ce su je su nema.

Zainab Ɗaliba:
Ustaz, to haramun ne a karanta ke nan?

Ustaz Nura:
Ban ce haka ba ƙanwata, kuma ni ba mai fatawa ba ne. Lissafin da'irar nan gaskiya ne ko wa ya yi shi, da shi muke kallon Ka'aba kai tsaye daga ɗakunanmu. Cewa na yi a san wanda ake karantawa. Wanda ya yi karatun tauhidi ya ƙoshi zai karanta ya ware tsaki da tsakuwa. Yaron da bai gama Ahalari ba fa?

Baba Injiniya:
Nura ya yi gaskiya da ya faɗa, kuma gara a ji daga bakinmu. Ni dai abin da na lura da shi, na karanta mutumin nan shekara arba'in, shi ne wanda ya ce babu addini amma alƙalaminsa ya kasa barin wurin. Ka duba labaran da ka lissafa da kanka, duka a kan me suke? Halitta, ƙarshen duniya, wani mai iko da ya fi mu. Abokan aikinsa suna rubuta yaƙin kumbo da bindigar haske, shi yana can yana tambayar me ya sa aka yi mu. Amsarsa ba tamu ba ce, ban karɓe ta ba. Amma ni duk lokacin da na rufe littafinsa na fita tsakar gida na ɗaga kai, tasbihi ne yake zuwa bakina.

Ustaz Nura:
Allah ya saka da alheri Baba. Kai ka shiga da guzurinka ne, shi ya sa ka fito da tasbihi. Maganata a kan wanda zai shiga hannu rabbana ce.

Anti Bilki Marubuciya:
Wannan haƙƙin iyaye da malamai ne, kuma na karɓa. Ni 'yata sai da muka karanta tare.

Ɗanlami Mai Dish:
Malam Habu, na ga an ce a Siri Lanka ya rasu. Me ya kai Bature can?

Malam Habu Zariya:
Teku ce ta kai shi. Bayan yaƙi ya samu ya shiga King's College ta Landan, ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi da fiziks a 1948, littattafansa suka fara kawo kuɗi, sai ya kamu da son nutso a ƙarƙashin ruwa. Dalilinsa shi ne a can ne kaɗai mutum zai ji jikinsa babu nauyi kamar yana sararin sama. A 1956 ya tare a tsibirin, lokacin ana kiransa Silon, bai sake komawa Ingila da zama ba har ya rasu a Kolombo ranar 19 ga Maris 2008 yana da shekara 90. Shi da abokin nutsonsa Mike Wilson sun yi aiki a kan wani jirgi da ya nutse a kudancin tsibirin, maƙare da kuɗin azurfa na zamanin Sarki Aurangzeb na daular Mughal. A 1962 cutar shan inna ta kama shi, ya warke, amma ta dawo masa da tsufa, shekarunsa na ƙarshe a keken guragu ya yi su. Ya yi aure sau ɗaya a 1953, bai yi ƙarko ba, bai bar ɗa ba.

Ustaz, ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Littafinsa The Fountains of Paradise na 1979 labarin injiniya ne da yake son ya sauko da igiya daga waccan da'ira ta kilomita 35,786 har ƙasa, a riƙa hawa sama da lif maimakon roka. Tunanin na wani ɗan Rasha ne, Yuri Artsutanov, tun 1960, kuma Clarke ya faɗi haka a ƙarshen littafin. Dutsen da za a ɗaure igiyar a kansa ya kwaikwayo shi ne daga wani dutse na gaske a Siri Lanka mai tsayin mita 2,243, wanda yake da alamar sawu a ƙololuwarsa. 'Yan Buddha suna cewa sawun Buddha ne, Musulmin can kuma tun da daɗewa suna cewa sawun Annabi Adamu ne. Ibn Battuta ya hau shi a 1344, ya ba da labarin sarƙoƙin da ake kamawa a hau. Wato Sarandib ɗin da muke gani a littattafan Larabci, nan ne mutumin ya zauna shekara 52. Rikicin littafin kuwa tsakanin injiniyan ne da masu ibadar da ke kan dutsen, waɗanda suka ce ba za su tashi ba.

Ustaz Nura:
Wa ya yi nasara?

Malam Habu Zariya:
Injiniyan. Masu ibadar sun sauka da ƙafarsu saboda wata tsohuwar alama da suka ga ta cika.

Ustaz Nura:
Na yi zaton haka.

Zainab Ɗaliba:
Ba wanda ya ambaci 2001: A Space Odyssey, alhali da shi duniya ta fi saninsa. Mun kalla a ajinmu saboda darasin ƙirƙirarriyar basira. Shi da mai shirya fim Stanley Kubrick suka fara aikin fim ɗin da littafinsa a 1964, fim ɗin ya fito a 1968, shekara ɗaya kafin a taka wata, kuma tushensa wani gajeren labari ne, The Sentinel, da Clarke ya rubuta a 1948 don gasar BBC bai ci ba. Abin da ya kama ni shi ne kwamfutar jirgin, HAL. A fim sai ka ɗauka haukacewa ta yi. A littafin an bayyana dalili: an gina ta ne don ta faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi, sannan hukuma ta umarce ta ta ɓoye wa matuƙan ainihin dalilin tafiyar. Umarni biyu masu karo da juna. Sai ta ga in babu matuƙan, babu wanda za ta yi wa ƙarya. Malaminmu ya ce har yau masu gina irin waɗannan na'urori wannan matsala suke fama da ita.

Mahamadu Damagaram:
Amma 2001 ta zo ta wuce, babu gari a wata, babu jirgi mai mutane zuwa duniyar Mushtari kamar yadda fim ɗin ya nuna. Tun 1972 ba wanda ya sake taka wata.

Baba Injiniya:
Haka ne. Ya zaci gwamnatoci za su ci gaba da zuba kuɗi kamar lokacin Apollo, shirin Amurka na kai mutum wata, wanda shi kansa ya zauna a talabijin na CBS yana yi wa jama'a sharhinsa. Inda lissafi ne kawai, yakan dace. Inda sai 'yan siyasa sun sa hannu a kasafi, nan yake faɗuwa.

Anti Bilki Marubuciya:
Kafin a watse, ina so 'yan zaure su tuna muna da namu. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka sauka a wata, labarin yaro Kilba da aka ɗauka aka zaga da shi sararin sama. Da Hausa, a Zariya aka buga. Yau shekara hamsin da ɗoriya, littattafai nawa muka ƙara a wannan layi? Mu marubuta muna da laifi, ni ma ina ciki, domin muna tsoron lissafi. Ina sukar Clarke a kan mutanensa, kuma ban janye ba, amma in ya ce jirgi zai kai wuri kaza a kwana kaza, ya zauna ya buga. Malam Habu, in na kawo maka babi uku na wani abu da na fara, za ka duba mini kimiyyar?

Malam Habu Zariya:
Da hannu biyu Anti. Turo ta akwatina.

Ɗanlami Mai Dish:
Tambaya ta ƙarshe Baba. Yanzu da Starlink ta shigo, kwastomomi suna tambayata me ya sa farantinta ba a saita shi da mita kamar namu. Layin Clarke ya tashi aiki ke nan?

Baba Injiniya:
Bai tashi ba ɗana. Na Starlink ƙasa-ƙasa suke, wajen kilomita 550, shi ya sa babu wancan jinkiri da na faɗa, amma ba sa tsayawa, kowanne 'yan mintoci ne ya wuce, dole a zuba dubbai kuma farantin ya riƙa bin su da kansa. Don intanet wannan ya fi. Don watsa tasha ɗaya ga gidaje miliyoyi a lokaci guda kuwa, har yanzu babu abin da ya kai tauraro ɗaya da ke tsaye wuri ɗaya araha. Namu ma na Najeriya, NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disamba 2011 bayan na farkon ya lalace a 2008, a kan wannan layi yake zaune, digiri 42.5 gabas.

Ɗanlami Mai Dish:
Na sha kama shi kuwa. Da wanne zan fara Malam? Turancina na aiki ne, ba mai zurfi ba.

Malam Habu Zariya:
Fara da gajerun labaran, The Sentinel bai fi shafi goma ba kuma Turancinsa a miƙe yake. In ka ji daɗinsa sai Rama, tun da kai mai son sanin yadda aka haɗa abu ne. Ina da kwafi biyu, ranar Asabar zan shigo Kano ɗaurin aure, sai in taho maka da ɗaya.

Ɗanlami Mai Dish:
Allah ya kawo ka lafiya Malam. Ina shago har la'asar.